Katakon da ya fi ƙarfin ƙusa

Masu ɗora bidiyon koyon aikin hannu a intanet ba ƙarya suke yi ba, rage zance suke yi. Za ka ga mutum ya shigo ɗaki mai daɓen siminti duk tabo, ya yi murmushi, a saki kiɗa, kafin ka gyara zama ɗakin ya koma kamar shimfiɗar katako sai sheƙi yake, alhali fenti ne kawai aka zana a kan simintin. Gwiwar da ta sha ja a ƙasa, ƙurar da aka shaƙa, da fuskar matar gidan, duk an yanke su. Irin wannan bidiyon na kalla wani dare, na juya na ƙare wa daɓen falonmu kallo, na ce wa uwargida, "Kin ga nan wurin? Katako zai koma."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Allah ya ba da sa'a," in ji ta, da muryar nan da take yi mini addu'a duk ranar da na shigo gida da sabon kayan aiki.

To ni ba mai faɗa wa abu da ka ba ne, sai da na yi bincike. Na gano sabon siminti sai ya kwana 28 kafin a kusance shi da fenti. Namu ya girmi babban ɗanmu, don haka nan babu magana. Na kuma gano siminti yana tsotso danshi daga ƙasa ya fitar ta sama, kuma yadda ake kama shi shi ne a yanko leda mai santimita 45 kowane gefe, a manne bakinta da salatif ta ko'ina, a bar ta aƙalla awa 16. In an ɗaga aka ga raɓa, ko wurin ya yi duhu, fenti ba zai zauna ba. Na manna tawa a tsakiyar falo, daidai inda rana ke faɗowa ta taga. Washegari ta fito a bushe ƙayau. Babu wanda ya ce mini a gwada har gindin bangon da falo ya haɗa da banɗaki. Ku riƙe wannan bangon, za mu dawo kansa.

Abin da ya fi burge ni cikin karatun shi ne fentin mai da siminti ba sa ga maciji. Siminti yana da sinadarin alkali mai ƙarfi, wato kishiyar asid, sabonsa yakan kai 12 zuwa 13 a ma'aunin pH da ake auna su da shi, kuma idan alkali ya haɗu da mai ga ɗan danshi, fentin sai ya saki jiki ya koma sabulu. Sabulu na gaske fa, don haɗin ke nan. Shi ya sa ake neman fentin ruwa da aka yi musamman don daɓe. Na zaunar da uwargida na yi mata wannan bayani dalla-dalla. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in haka ne gara na man, ko ba komai za a ci moriyarsa ranar wanki.

Daga nan na ɗiga ruwa a ƙasa don in ga ko daɓen zai sha. Ruwan ya yi zamansa a dunƙule, ya ƙi shiga. Maginin da ya yi daɓen ya goge shi sumul, kuma inda ruwa bai samu shiga ba, fenti ma ba zai samu wurin kamawa ba. Dole a karce fuskar ta yi kaushi. Hanya biyu ce. Ko a wanke da asid, a sa safar hannu da tabarau, a zuba asid cikin ruwa ba ruwa cikin asid ba, ko kuma a bi shi da injin gurza. Da na tuna yaranmu, waɗanda ba su taɓa wuce bokiti ba tare da sun tsoma hannu ba, sai na aro inji.

An yi gargaɗi cewa ƙurar siminti tana illa ga huhu, a sa takunkumi. Na sa. Amma ba a ce a sa wa gida nasa takunkumin ba. Ƙura ta shiga durowar kaya, ta shiga cikin takalman da ke cikin kwali, ta shiga tsakanin shafukan littattafan yara. Muna da baƙar kyanwa. Da yamma maƙwabcinmu ya leƙo ya tambaye ni yaushe muka samo fara, ina kuma muka kai waccan.

Bayan shara da wanki da cike tsagogi, na shafa fentin farko mai kama siminti, ya bushe. Sai ranar fentin ƙasa, wato launi mai haske da zai riƙa leƙowa ta tsakanin zanen katakon. A nan ne nake so a yaba mini. Kowa ya san labarin wawan da ya fara fenti daga bakin ƙofa ya ƙare a lungu ya rasa hanyar fita. Ni na fara daga can ƙurya, ina ja da baya, ina mirgina rola a natse, har na fito bakin ƙofar waje lafiya lau. Na miƙe, na riƙe ƙugu, ina kallon aikina.

Sai na ji murya daga uwar ɗaka.

"Abban yara, mu kuma ta ina za mu fita?"

Ƙofar uwar ɗaka ɗaya ce, cikin falo take buɗewa. Tagar kuwa akwai ƙarfe, ni da kaina na sa aka ƙara mata don tsaro. A jikin gwangwanin an rubuta kada a taka sai bayan awa 24. Na zagaya ta taga na karanta mata wannan a hankali, don ta san ba ra'ayina ba ne. Ta ce to in karanta wa autanmu, shi ne ke son shiga banɗaki.

Haka na tafi wurin wasu magina da ke aiki a bayan layinmu, na roƙi aron dogon katakon da suke takawa. Na ɗora kansa ɗaya a dokin ƙofar uwar ɗaka, ɗaya a dokin ƙofar da ke kusa da ita. Yara suka haye suna ta murna, har suna neman a sake. Uwargida ta zo ƙarshe, goye da auta, tana takawa ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai tsakiya sai ta tsaya, ta dubi ƙafarta, ta dube ni.

"Kai, alhamdulillahi. Yau dai na taka katako a falona."

Ban tanka ba. Mai babban aiki a gaba ba ya biye wa 'yan kallo.

Asalin sana'ar tana wurin zanen. Da farko za a ja layuka a raba daɓen falle-falle, kowane falle faɗin santimita 12 zuwa 15, a miƙe su bin dogon gefen ɗaki. Mahaɗar kawunansu kuma ba a jera ta wuri ɗaya, ana gocar da ita da aƙalla santimita 15 daga ta maƙwabcinta, kamar yadda masu shimfiɗa katakon gaske suke yi. Falonmu mita 4 ne da mita 5. In ka raba mita 4 da santimita 15 za ka samu layi 27, kowanne mita 5. Jimla mita 135 ke nan na rarrafe, alhali filin ƙwallo ma tsawonsa mita 105 ne. Wannan lissafin ban yi shi ba sai daga baya, gwiwoyina ne suka fara kawo rahoto.

Sannan a haɗa launi mai duhu: kashi ɗaya na fenti, kashi huɗu na wani ruwa mai yauƙi da ke hana shi saurin bushewa. A shafa wa falle ɗaya, tun yana ɗanye a ɗauko robar zane. Wata 'yar roba ce mai lanƙwasa, bayanta da tsage-tsage masu zagaye. Janta ake yi daga wannan kai zuwa wancan ba tsayawa, ana kaɗa ta gaba da baya a hankali da wuyan hannu. In ba ka kaɗa ba, layuka ne za su fito a miƙe. In ka kaɗa sannu, sai ka ga jijiyoyin itace sun buɗe sun rufe, har da idon katako. In ka tsaya a hanya, tabon tsayuwar zai zauna nan har abada. In kuwa ka kaɗa da sauri, abin da zai fito babu bishiyar da ta taɓa haifar irinsa.

Ni da sauri na kaɗa, don hannuna ba ya son ɓata lokaci. Fallen farko ya fito da idanu a jere tun daga bango har bango. Babban ɗanmu ya leƙo ya ce, "Abba, me ya sa ƙasan take kallonmu?" Na goge da jiƙaƙƙen tsumma. Na biyun ya fito kamar bayan jakin dawa. Shi ma na goge. Alherin wannan haɗin ke nan, muddin bai bushe ba yana yafiya.

Can wajen tsakiyar falo hannuna ya faɗa. Na gane sai an goge robar bayan kowane falle, in ba haka ba tsagoginta su cushe ta riƙa jan laka. Na gane ana juya kanta lokaci zuwa lokaci, don kada zanen ya zama iri ɗaya, tunda itace ba ya maimaita kansa. Na gane wani fallen a cika masa duhu, wani a rage. Wallahi akwai wani layi kusa da taga, in kun gan shi za ku nemi sanin dajin da aka saro shi. Matsalar kawai gumi. Duk ɗigon da ya faɗo daga goshina kan ɗanyen fenti sai ya buɗe fari, zagayayye. Da farko ina gogewa in sake ja. Da na gaji, na yanke hukunci cewa wannan irin itacen haka yake da ɗigo-ɗigo.

Salatif ɗin da na raba fallayen da shi, ka'ida a ɓare shi a karkace tun fenti bai gama ƙamewa ba. Na bar wani sashe ya kwana saboda bayana ya riƙe, da safe ya taso da fentin ƙasa da na sama gaba ɗaya, sai ga siminti yana yi mini murmushi. Na bi da ƙaramin burushi na toshe. Kujera ce a kan wurin yanzu, kuma ba mai matsar da ita.

Sai banish, wato ruwan sheƙin da ake rufe fenti da shi. Na ruwa na zaɓa, don na mai yana komawa rawaya da tsufa. Abin da ban faɗa wa uwargida ba shi ne na ruwa fari yake fitowa daga gwangwani, sai ya bushe yake washewa. Ta shigo ta tarar ina malala farin abu a kan wahalar da na sha, ta yi salati, ta ce daman ta san ƙurar nan sai ta taɓa ni. Shafi uku na yi, aka jira awa 72 kafin a maido da kujeru. Falo ya fito, ba yabon kai ba. Santsi ne dai ya ɗan yi yawa, don akwai wani gari da ake zubawa a shafin ƙarshe saboda hana zamewa, ni kuma na ga zai rage sheƙi. Yara sun gano cewa da safa ana iya zuwa daga ƙofa har taga ba tare da ɗaga ƙafa ba. Ni ma na gano haka, riƙe da kofi, ba da niyya ba.

Da damina ta kankama, sai gindin bangon banɗakin nan ya yi magana. Danshi ya turo daga ƙasa, fentin ya kumburo, dogon ƙulli daidai gefen falle ɗaya. A makon ne kuma kawun uwargida ya kawo mana ziyara. Tsohon kafinta ne, ya ajiye aiki da idonsa ya yi rauni, kuma yana da tabarau amma ya ce na masu karatun jarida ne.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallo. Ya ƙwanƙwasa ƙasa da sandarsa.

"Ka ji ko? Babu rami a ƙasa. Wanda ya shimfiɗa wannan ya san aiki."

"Ni ne, Kawu," na ce. Kuma gaskiya na faɗa.

"Kai? Madalla, ɗana. Sai dai ka kula da gara."

Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga ba daidai ba ne in gyara wa suruki magana a kan sana'ar da ya tsufa a cikinta. Na ce in sha Allahu gara ba za ta ci wannan ba. Nan ma gaskiya na faɗa.

Yana zagayawa sandarsa ta taɓa ƙullin. Ya durƙusa ya shafa. "Wannan fallen ya ɗaga. Ruwa ne ya taɓa shi. Kawo mini guduma da ƙusa."

"Kawu, ku bar shi, kada ku wahalar da kanku, zan..."

Kafin in rufe baki uwargida ta iso da guduma da ƙusoshi a tafin hannu. Matar da in na tambaye ta inda guduma take sai ta ce ita ba kafinta ba ce.

Kawu ya saita ƙusa, ya ba ta ɗaya. Ƙusa ta durƙusa. Ya cire, ya duba ta kusa da hancinsa, ya yi tsaki a kan ƙusoshin zamani, ya ɗauki wata. Ita ma ta bi 'yar'uwarta, har da ɗan tartsatsi. Ya zauna a kan dugadugansa yana girgiza kai.

"Rabona da katakon da ke lanƙwasa ƙusa tun ina yaron shago. Irin wannan ai ya ƙare a duniya. Ɗana, in akwai ragowa ka ajiye mini, benci nake so in yi wanda zai kai jikokina."

Har yau ina zargin ko dai idon ne, ko kuwa shi da 'yarsa sun gama magana tun a waya.

"Akwai saura sosai, Kawu," in ji uwargida. "Sai dai in za ku turo yaro, ya zo da galan."

"Galan kuma?"

"Shi zai yi muku bayani," ta ce, ta karɓi gudumarta ta fice.