Namijin betta ne ke renon ƙwai

Yana damuna yadda wasu masu kiwon kifin betta (wani ƙaramin kifin ado da ake ajiyewa a akwatin gilashi) a nan Zariya ke barin mace tare da ƙwanta, bisa tunanin cewa uwa ce mai reno, kamar yadda muka saba gani wajen kaza. Tunanin yana da dalili, amma halin wannan kifi na Tailan daban ne. Namiji ne ke yin sheƙar kumfa a saman ruwa, ya tsinto ƙwan da bakinsa ya zuba a ciki, ya yi gadinsu har su ƙyanƙyashe cikin kwana 1 zuwa 2. Idan aka bar macen a akwatin gilashin, yakan far mata ya yayyaga wutsiyarta, ita kuma tana iya cinye ƙwan, shi ya sa ake cire ta da zarar ta gama sakawa.