Babban yatsa: Baindiye na duban arziki, Bature na duban hali

A nan Indiya inda nake zaune, mai duban tafin hannu yakan kama babban yatsa ya lanƙwasa gaɓar sama, yana neman wata alama da suke kira yava: layuka biyu da suka buɗe a tsakiya suka haɗu a gefe, kamar ƙwayar sha'ir. In ta rufe tsaf, sai ya ce arziki na tafe. Masu duba na Turai kuwa, tun ƙarni na 19 da wani sojan Faransa, D'Arpentigny, ya tsara musu sifofin hannu, hali suka fi nema.

Awonsu kala uku ne. Gaɓar da ke ɗauke da farce ita ce ƙarfin niyya, ta ƙasa hankali. Wadda ta fi tsawo wai ita ke mulkin mutum. Sai tsawo: a kwantar da yatsan jikin manuni, in ya kai tsakiyar gaɓarsa ta ƙasa daidai ne, in ya wuce shugaba ne. Sai buɗewa: digiri 90 mai sakin hannu, ƙasa da 45 mai maƙo.

To, a nan gizo ke saƙar. Yatsan da ya tsiro ƙasa-ƙasa kusa da wuyan hannu zai gaza awon tsawo ko da dogo ne. Sanyin ƙashi a gindin yatsa yana rage buɗewa, ke nan tsohuwa mai kyauta ta zama marowaciya ba ta sani ba. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne gajeren yatsa mai faɗin farce, da littattafan Turai suka laƙaba wa "yatsan mai kisan kai". Ƙashin ƙarshe ne kawai ya daina tsawo da wuri, kuma gado ne, wani ma a hannu ɗaya yake da shi. Haka yatsan da ke lanƙwasawa baya: sakin jijiyar gaɓa ne, ba sauƙin kai ba.

Me ya sa mutane ke cewa an faɗi daidai? A 1948 wani masanin halayyar ɗan Adam, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa bayanin hali iri ɗaya, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, suka ba shi maki sama da 4 cikin 5. A ganina na Turai ya fi na Indiya cutarwa. Alƙawarin arziki lokaci ne ke ƙaryata shi, amma wanda aka ce wa yana da zafin zuciya saboda farcensa, da me zai wanke kansa?