Wa tashar jiha take ba labarin Arsenal?

Akwai ƙaramar talabijin a saman madubin mai askin unguwarmu. Ran nan bayan isha'i ina zaune ina jiran layi, labaran wata tashar jiha suka iso kan wasanni. Mai gabatarwa ya shiga karanto sakamakon Firimiyar Ingila ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ke kan kujera, rabin kansa a aske, ya ɗago ya gyara masa sunan wanda ya ci ƙwallo ta biyu. Shi tun jiya ya kalli wasan a gidan kallo da kuɗinsa. Wasan ƙungiyar jihar kuwa, wanda aka buga a filin da ɗan sahu zai kai ka daga ƙofar tashar, jimla ɗaya aka ba shi, ko hoto babu.

Wannan ita ce cutar shirin wasanni a yawancin tashoshinmu na jihohi da rassan NTA. Suna kai ruwa rafi. Wanda ya damu da Arsenal ko Real Madrid ya ga ƙwallayen a wayarsa, ya ji sharhin a rediyo da Hausa, ya yi musu a majalisa har murya ta dushe, kafin tashar ta kunna kyamara. Ba a SuperSport za a kayar da SuperSport ba.

Abin da tashar Kano ko Katsina ko Bauchi ta fi kowa a duniya shi ne kusanci. Kano Pillars ta ɗauki kofin lig sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta dawo bayan kaka ɗaya. Duk wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da Masu Gida ke wasa ya san ba 'yan kallo aka rasa ba. Da Ahmed Musa ya dawo ya saka rigar Pillars, garin ya ɗauka. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ci kofin ƙalubale a 2024, daga birnin da ya sha shekarun Boko Haram. Irin wannan labari a ce minti ɗaya ya ishe shi?

Ga dambe. A Kano da Abuja da Kaduna ana sa zare kusan kullum tsakanin ɓangarorin 'yan damben Kudu da Arewa da Guramaɗa, kalangu na tashi, ana turmi uku ko dai a yi kisa, wato a kai abokin karawa ƙasa, ko a raba. Samari masu waya ɗaya da ƙaramin makirfo suna ɗora waɗannan wasanni a YouTube da Facebook, har mutanen da ba sa jin Hausa suna kallo. Tashar da ke da situdiyo da ma'aikata da albashin gwamnati sai ta tsaya jiran bikin sallah.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin yana yiwuwa. Tun 1975 ake gasar kokowa ta neman takobi, jihohi takwas kowace da 'yan kokowarta, kuma Tele Sahel na nuna ta kai tsaye. Kwanakin gasar, mai shayi da mai kanti ido na kan akwati, yaro ƙarami a Maraɗi ko Damagaram zai faɗa maka tarihin Issaka Issaka na Dosso. Talabijin bai ƙirƙiri kokowa ba, amma shi ya shigar da ita kowane tsakar gida.

Na san amsar ma'aikatan tashoshin, kuma ba ƙarya suke ba. Kyamara biyu ko uku ne ke aiki, mota ɗaya, man janareto ya cinye kasafi. Karanto sakamakon Turai daga intanet kyauta ne, tura ɗan rahoto Gombe ko Jos kuwa sai da kuɗin mota da na kwana. Za su ƙara da cewa haƙƙin nuna lig ɗin Najeriya kai tsaye sayar da shi ake yi, kamar yarjejeniyar da aka ƙulla da StarTimes a 2023. Gaskiya ne. Sai dai wa ya sayi haƙƙin zuwa wurin atisaye ranar Talata? Wa ya hana a tambayi koci dalilin ajiye mai tsaron raga a benci, ko a ɗauki wasan ƙarshe na kofin unguwanni, ko langa a makarantar firamare?

Inda gizo ke saƙar, a ganina, ba kyamara ba ce. Gwamnatin jiha ce ke da tashar, ita ce kuma ke da ƙungiyar. Shi ya sa idan labarin wasannin gida ya samu shiga, sai ka ga kwamishina ne yana raba riguna, ko gwamna yana alƙawarin gyara fili. Ranar da 'yan wasa suka yi watanni ba albashi, ko 'yan kallo suka jefi alƙalin wasa aka ci ƙungiya tara, kyamarar sai ta lalace. Labarin Chelsea ba ya jawo wa kowa takardar tuhuma daga ofishin shugaban ma'aikata, don haka ya fi sauƙin karantawa.

Tun 1962 ake talabijin a Kaduna, kuma Abubakar Rimi ya kafa CTV, tashar talabijin ta jihar Kano, ne don Kanawa su ga kansu a akwati. Ban ce a daina ambaton Turai ba, ni ma ina da ƙungiyar da ke hana ni barci. A dai juya jerin: minti bakwai na farko na gida, da hoto da muryar 'yan wasa da sunan unguwar da yaro ya fito, ukun ƙarshe a ba Ingila da Sifaniya. Masu talla ma, mai sayar da siminti a Ƙofar Ruwa ya fi buƙatar 'yan kallon Pillars a kan na Landan.