Siririn mazarin da ke sauka a bayan gida

Duk wanda gidansa ke kusa da kududdufi a Daura, ko yake da lambu ta wajen madatsar ruwa ta Daberam, ya san yadda mazari ke yawaita daga watan Yuli zuwa Satumba. Sai dai muna yi musu kuɗin goro, alhali iri biyu ne, kuma siririn cikinsu shi ne ya fi cancantar a tsaya a dube shi.

A ganina, masu dogaro da launi wajen tantance shi suna wahalar da kansu ne kawai. A jira ya sauka a kan ciyawa tukuna. Babban mazari yakan bar fukafukansa huɗu a buɗe, shi kuwa siririn yakan haɗe nasa a saman bayansa, jikinsa kamar tsinken tsintsiya, idanunsa biyu nesa da juna a gefen kai, ba a manne ba irin na babban. Tashinsa ma babu ƙarfi, ba ya nisa da bakin ruwa. Akwai dangi guda da ke barin fukafukai a ɗan buɗe, amma idanun za su tona shi.

Launi kuwa yana yaudara, domin wanda bai daɗe da fitowa daga ruwa ba yakan zama fari-fari, mace kuma sau da yawa ba ta kama da namijinta. Wanda masana ke kira Ischnura senegalensis, da aka fara bayyana shi a 1842, namijinsa na da shuɗi kusa da ƙarshen wutsiya, amma ana samun mata masu ruwan lemo, har mutum ya rantse wani iri ne daban.

Abin da ke damuna shi ne al'adar zuba baƙin mai ko maganin feshi a duk ruwan da ya kwanta. Siririn mazari ba ya harbi, kuma 'ya'yansa, masu wasu ganyaye uku a wutsiya da suke numfashi da su, a cikin ruwa suke girma suna cin tsutsar sauro. Ba na cewa za su maye gurbin gidan sauro ba. Ruwan tsohuwar taya da na gwangwani a zubar da shi, domin sauro ne ke cin moriyarsa, amma kududdufi mai ciyawa a gefe, inda macen siririn mazari ke saka ƙwai a cikin karan ciyawar, a bar shi ba tare da mai ba.