Motar "kyauta" bayan haɗari a Birtaniya: a daina ɓoye wa direba kalmar bashi

Wata ƙanwata da ke aikin kula da tsofaffi gida-gida a arewacin Ingila ta kira ni cikin dare, muryarta na rawa. "Yaya, wai kotu za ni, alhali ni aka buga wa mota."

Tana tsaye a danja ne wani ya daki ƙaramar motarta ta baya. Ta lalubi lambar inshora a waya, ta kira wadda ta fito a saman shafin bincike, a zatonta kamfaninta ne. Mai maganar ya yi mata jaje, ya ce tun da ba laifinta ba ne za a kawo mata wata motar, ko sisi ba za ta biya ba. Washegari da sassafe wani saurayi ya ajiye mota sabuwa fil a ƙofar gida, ya miƙo mata kwamfutar hannu, ta sa hannu da yatsa a wuri uku tana duban agogo, domin akwai tsohuwar da ke jiran ta ba ta magani ƙarfe takwas. Motar ta yi wata biyu da 'yan kwanaki a hannunta. Bayan shekara guda sai ga wasiƙar lauyoyi. Kuɗin haya sun haura fam 9,000, kamfanin inshorar wanda ya buge ta ya ƙi biya, ana so ta kawo bayanan asusunta na banki, ta kuma shirya tsayawa gaban alƙali. Idan ta ƙi ba da haɗin kai, kuɗin na wuyanta. Ana kukan targaɗe, sai ga karaya.

Abin da ta sa wa hannu shi ne hayar bashi, wadda can suke kira kiredit haya. Kamfani ya ba ka mota yau, ya jinkirta karɓar kuɗinsa, ya je ya nema a wurin inshorar mai laifi. Amma a takarda kai ne ka yi hayar, kai ake bi, kuma idan aka kai ƙara da sunanka ake kai ta. Ta sha bamban da motar aron da garejin inshorarka ke bayarwa a ƙarƙashin yarjejeniyar da ka riga ka biya wa kuɗi. Mutane da yawa ba sa gane wannan bambancin sai wasiƙa ta iso. Mu da muka taso inda ake sasanta haɗari a bakin titi, a ba da haƙuri, mai laifi ya bi ka gareji ya biya bakanike, ba ma kawo wa a rai cewa motar da aka ajiye mana da fara'a bashi ce.

Ba na cikin masu cewa a soke sana'ar baki ɗaya, domin ta samo asali ne daga buƙata ta gaskiya. Wanda aka lalata wa mota yana da haƙƙin a mayar da shi yadda yake kafin haɗarin, kamfanonin inshora kuma sun daɗe suna jan ƙafa wajen samar wa wanda ba nasu ba abin hawa. Mace irin ƙanwata, da ke zagaya gida bakwai ko takwas a yini, idan ta rasa mota ta rasa aiki. Alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda su ne kotun ƙolin ƙasar kafin 2009, sun amince da haka a shari'ar Lagden da O'Connor a 2003. Mutumin ba shi da aikin yi, aka bugi tsohuwar motarsa tana ajiye, ba shi da halin biyan haya daga aljihu, sai suka ce irinsa ya cancanci a biya masa cikakken kuɗin hayar bashi. Hukunci ne na adalci, kuma ina goyon bayansa.

Sai dai shekara uku kafin nan, a shari'ar Dimond da Lovell ta 2000, alƙalan wannan majalisa sun nuna cewa mai halin biya ba zai karɓi fiye da farashin haya na kasuwa ba. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙara matsewa a shari'ar Stevens, ta ce mafi ƙanƙantar farashi mai ma'ana na sanannen kamfanin haya a yankin shi ne ma'auni. Daga waɗannan hukunce-hukunce ne wahalar direba ta fito. Kamfanin hayar bashi ba zai sami duk kuɗinsa ba sai an tabbatar da cewa ba ka da hali, shi ya sa ake neman bayanan banki, da takardun albashi, da na katin bashi. Na ga ƙanwata zaune a ƙasa ta baje takardu, tana ja wa kuɗin da take aika wa mahaifiyarmu duk ƙarshen wata layi da jan biro, domin ta yi wa lauyan da ba ta taɓa gani ba bayanin inda albashinta ke tafiya. Ranar da aka kawo motar babu wanda ya gaya mata cewa za a kai ga tona mata asiri haka.

Kuɗin kuwa sukan kai inda hankali ba ya ɗauka. A shari'ar Umerji, wadda ta je kotun ɗaukaka ƙara a 2014, an yi haya ta kwana 591, lissafi ya haura fam 95,000, a kan motar da darajarta ba ta kai fam 10,000 ba. 'Yan'uwanmu masu tuƙin tasi su ma su buɗe kunne. A shari'ar Hussain da kamfanin inshora na EUI ta 2019, direban tasi ya karɓi motar haya ta kwana 18 a kan kusan fam 6,600, alhali ribar da zai yi asara a kwanakin fam 423 ce. Babbar kotu ta ce a ƙa'ida asarar riba ake biyan mai sana'ar tuƙi, sai fa idan ya nuna dalili, kamar cewa da motar yake hidimar iyalinsa ko ba shi da halin zama babu aiki.

Me ya sa farashin ke kumbura? Domin wanda ke kashe kuɗin daban, wanda zai biya daban. Haka Hukumar Gasa da Kasuwanni ta Birtaniya, CMA, ta gano a rahotonta na 2014 kan inshorar motoci, ta ƙiyasta cewa wannan tsari na jawo wa masu motoci asarar kimanin fam miliyan 110 a shekara, sannan ta ce ba ta sami maganin da ya dace ba, ta bar abin yadda yake. A ganina gazawa ce babba. Kamfanin inshorar da ke kukan tsadar hayar bashi idan shi zai biya, sau da yawa shi ne ke miƙa nasa mutanen ga kamfanonin hayar, ya karɓi la'ada. Dillalan inshora da masu gareji da masu janye mota su ma suna karɓa. Dokar da ta hana irin wannan la'ada daga 2013 ta tsaya ne a kan ƙarar raunin jiki, ba ta taɓa hayar mota ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda mutum zai kai kuka. Kamfanin haya ya faɗi a shari'ar Dimond ne saboda takardarsa ta saɓa wa dokar bashi ta 1974. Tun daga nan ake tsara takardun yadda za su fita daga ƙarƙashin dokar, galibi ta hanyar sa wa'adin biya cikin wata 12. Sakamakon haka ofishin sauraron koke-koken harkar kuɗi, Financial Ombudsman Service, yawanci ba ya iya duba hayar kanta. Abin da yake iya dubawa shi ne yadda kamfanin inshorarka ko dillalinka ya miƙa ka, da ko ya bayyana maka haɗarin da zaɓin da kake da shi. Kai kuka ofishin kyauta ne, bayan ka ba kamfanin mako takwas ya amsa kokenka. Wanda ya faɗa hannun masu tallar bogi a intanet kamar ƙanwata, wannan ƙofar ma da wuya ta buɗe masa, tun da ba kamfaninsa ne ya tura shi ba.

Gaskiya ne kamfanoni da yawa ba sa bin wanda ya ba su haɗin kai ya kuma faɗi gaskiya, ko da kotu ta zaftare kuɗin. To, idan haka ne, a rubuta shi ɓaro-ɓaro a shafin farko. Abin da nake so hukumomin Birtaniya su wajabta ba shi da wuya. Kafin a miƙa makulli a furta wa direba cewa wannan bashi ne da sunansa, a gaya masa kuɗin kowace rana, a gaya masa cewa yana iya bi ta inshorarsa ya biya kason kuɗin da yarjejeniyar inshorar ta ɗora masa, ya nemo shi daga baya a wurin inshorar mai laifi. Duk wanda ya karɓi la'ada bai yi wannan bayanin ba, giɓin ya koma kansa. A kuma shigar da hayar bashi ƙarƙashin ikon ofishin koke-koke kai tsaye.

Kafin a kai can, wanda tsautsayi ya faɗa masa ya kira lambar da ke jikin takardar inshorarsa, ya tambayi mai maganar sunan kamfanin da yake yi wa aiki. Idan inshorar mai laifi ta yi tayin mota, kada a yar da wasiƙar, domin za a tambaye ta a kotu. Mota ta fito daga gyara ko kuɗin diyya sun shigo, a mayar da ta haya a ranar.

Ƙanwata ta ba lauyoyin duk abin da suka nema. Saura kwana huɗu a zauna kotu kamfanonin biyu suka sasanta a tsakaninsu, aka aiko mata da saƙo mai layi biyu. Ta riga ta ɗauki hutun kwana biyu ba albashi saboda zaman, kuma har yau ba a gaya mata nawa aka biya da sunanta ba.