Allurar ta iso, saura mai iya magana da uwar yaro

A watan Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara na yau da kullum. Mu nan arewacin Kamaru, da kowace damina ke cika gadajen asibiti da yara, mun yi murna. Sai dai allurar sau huɗu ake yin ta, ta ƙarshe sai yaro ya doshi shekara biyu. Uwa za ta bar gona ko sana'arta, ta biya kuɗin mashin, ta dawo har sau huɗu. Wadda aka daka wa tsawa ran farko ba za ta sake taka ƙofar ba.

Na raka ƙanwata awo a wani ƙaramin asibiti a Garwa. Ungozoma ta yi ta zuba mata Faransanci, ita kuwa Hausa da Fulatanci kaɗai take ji. Da ta yi tambaya, aka ce ta matsa, layi na da tsawo. Tana riƙe da takardar Chèque Santé, wadda mai ciki ke biyan sefa 6,000 a kula da ita har ta sauka, amma a gida ta haihu.

Ban ɗora wa ungozomar laifin duka ba. Na ga yadda shugaban asibitin ya zage ta a gaban marasa lafiya. Ma'aikacin da ake wulakantawa a kan majinyaci yake hucewa, kuma in ya yi kuskure a magani ɓoyewa zai yi. Wannan ɓoyon yana cin rai.

Wasu za su ce matsalarmu rashin likitoci ne da magani da wuta. Haka ne. Amma a Kano a 2003 allurar shan inna na nan jibge mutane suka ƙi ta, sai da sarakuna da malamai suka sa baki.

Don haka masu naɗa shugabannin asibitoci daga Ngaundere zuwa Kusiri su daina duban takardar shaida kaɗai. Su tambaya ko mutumin nan ya taɓa zama gaban lamiɗo ko limamin unguwa ya saurari ƙorafi, ko yana da mai fassara a ɗakin awo, ko ma'aikatansa na iya ce masa "Likita, na yi kuskure" ba tare da gabansu ya faɗi ba.