Na kai kwamfuta gyara, an share mini aikin shekara 6

Ina da ɗan shago a unguwar Zengo, nan Damagaram, inda nake buga wa mutane takardu. Ɗaliban jami'a su kawo memwar ɗinsu, wato kundin kammala karatu, ƴan kasuwar Dole su kawo faktir, mai neman aiki ya kawo takardarsa, mai aurar da ɗiya ya zo a tsara masa kati. Shekara 6 ina wannan sana'a, kuma duk abin da na taɓa bugawa yana cikin kwamfuta ɗaya ta tebur, a ɓangaren da Windows ke kira D. Yau ɓangaren nan babu shi. Ba gobara ba ce, ba ɓarawo ba ne, mai gyara ne da na ɗauki kuɗina na ba shi da hannuna.

Ranar wata Talata bayan la'asar, cikin zafin Afrilu, ina tsakiyar ajiye babi na huɗu na memwar wata yarinya sai kuran ya ɗauke. Ya dawo, na kunna, kafin injin ya gama tashi ya sake ɗaukewa. Sau uku a jere. Mu nan Damagaram mun saba, wutarmu ta layin Katsina take shigowa, kuma kowa ya tuna baƙin duhun da muka sha bayan Najeriya ta yanke ta a Agustan 2023. Amma sabo ba ya hana ɓarna. Da wutar ta zauna na danna D, sai saƙo ya fito da Faransanci wai dole in yi masa format kafin in yi aiki da shi. Ban danna ba. Ni ba injiniya ba ne, amma na san format shara ce.

Washegari na ɗaure akwatin a bayan kabu-kabu na kai wa mai gyara. Na faɗa masa da bakina, a gaban yaransa biyu: “Malam, don Allah kar ka goge komai, amanar mutane ce a ciki.” Ya ce, “Alhaji kwantar da hankalinka, ƙaramin abu ne, dawo gobe da azahar.”

Na dawo na tarar da shi yana murmushi kamar wanda ya yi mini gwaninta. Ya haɗe C da D ya mai da su ɗaya, ya ɗora sabon Windows, sannan wai don kyautatawa ya loda mini finafinai da waƙoƙi har sun kusa cika faifan ajiyar kwamfutar. Na ce ina takarduna? Ya ce, “Ai birus ne ya cinye su tun kafin ka kawo.” Birus! Duk abin da ya fi ƙarfin saninsu birus ne. Injin ya yi nauyi, birus. Allo ya yi shuɗi, birus. Maganin kuma guda ɗaya tal, a share a sake zuba Windows, a karɓi jaka biyar. Garin neman gira na rasa ido.

Abin da ya fi ƙona mini rai sai da ɗan yayata ya zo hutu, shi da ya karanta fannin kwamfuta. Ya ce, “Kawu, ranar da ka ga saƙon nan takardunka suna nan daram.” Ya kwatanta mini da shagon mai kaya da yawa wanda littafin lissafinsa ya yage: kaya na kan kanta, sai dai ba a san me ke ina ba. Wuta ta yanke faifan yana tsakiyar rubutu, sai jadawalin da ke nuna wurin kowane fayil ya rikice, Windows ya daina gane tsarinsa na NTFS ya koma kiransa RAW. Shi kuwa tsarin NTFS yana ajiye kwafin mabuɗinsa a can ƙarshen ɓangaren, saboda irin wannan rana. Akwai manhaja mai suna TestDisk, wani Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta ta, kyauta ce ko dala ba a biya, tana iya ɗauko kwafin nan ta mayar, ko ta kwashe maka fayilolin zuwa wani faifai. Mutumin da ya kafa allo a ƙofar shago ya rubuta gyaran kwamfuta bai taɓa jin sunanta ba.

Ko bayan format ɗin gaggawa, in ji yaron, da sauran fata, don jadawalin kawai yake sharewa. Abin da ya binne ni shi ne rubutun da aka yi a kai. Kowane fim da mutumin nan ya zuba mini a matsayin kyauta, a kan aikin wani ya kwanta. Mun kwana biyu muna tono da PhotoRec, abokiyar waccan manhajar, muna juye abin da ta samo a wani faifai na waje, don ba a mayar da shi kan wanda ake tonowa. Ta fito da tarin fayiloli babu suna, sai harafin f da jerin lambobi. Ka buɗe wannan ka ga rabin katin suna, ka buɗe wancan ka ga rubutu kamar tafiyar tururuwa. Abin da ya dawo lafiya bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Na san wani zai ce laifina ne da ban ajiye kwafi a wani wuri ba. Na yarda. Batirin ondilar ɗina ma, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ya mutu tun bara ina ta cewa sai wata mai zuwa. Na ɗauki nawa. Amma in ka kai mara lafiya likita, sakacinka bai ba kowa izinin ƙarasa shi ba.

Sannan ga wata sabuwa. Ɗan yayata ya buɗe manhajar CrystalDiskInfo, wadda ke karanta rahoton lafiyar da kowane faifai ke ajiyewa a cikinsa, abin da ake kira SMART. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa ka nemi likkafani. Nawa rawaya ne. Akwai gurabun da suka mutu faifan ya musanya su da na ajiya, akwai wasu suna jiran layi. Ya yi aiki sama da awa 40,000, kusan shekara biyar ke nan ba dare ba rana, alhali ni da magariba nake rufewa. Wato tun daga Turai ya zo a gajiye, aka sayar mini da sunan ɗan amfani kaɗan. Zafinsa a ranar ya haura digiri 50, da muka buɗe akwatin kuma ƙurar hunturu ta yi wa fankar kitso. Duba wannan rahoto minti biyu ne. Mai gyaran bai duba ba, ya ɗora mini sabon Windows a kan faifan da ke shirin mutuwa ya ce in je in more.

Faifan nan fa abu ne mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da ɗan hannu mai karatu yana shawagi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ko ƙwayar ƙura ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Shi ya sa in ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, kashe injin nan take, kar ka yi ta kunnawa kana gwada sa'a. Na ji da kunnena wani mai gyara na ba mutum shawarar ya sa nasa a firji ya kwana. Raɓa ce za ta shiga ta ƙarasa shi. Wasu kuma da zarar sun ji injin na tafiyar hawainiya sai su sakar masa chkdsk, mai binciken faifai na Windows, ya bi gurbi-gurbi har asuba, kamar ka ɗora wa jakin da ke tangaɗi buhun gero don ka gane ko da gaske ba shi da lafiya. A fara kwashe kayan tukuna, in da hali a ɗauki kwafin faifan ɗungurungum da manhajar ddrescue a Linux, wani tsari irin Windows, sai a yi gwaje-gwajen a kan kwafin. Wani lokacin ma faifan lafiyarsa ƙalau, igiyar SATA, wadda ke haɗa shi da sauran injin, ita ce ta saki ko ta tsufa, a canja ta komai ya dawo. Wa zai tsaya duba igiya alhali format ya fi kawo kuɗi?

Yarinyar mai memwar ta zo jiya da safe. Shafi 84 muka buga tare, saura mako biyu ta miƙa. Na ce ƴata, kawo rubutun hannun mu sake daga farko, ba zan karɓi ko dala ba. Ta yi shiru, sannan ta ce babi biyu na farko tun da aka buga su innarta ta kwashe takardun tana ƙunsa ƙosai da su. Ta zauna a benci ta rufe fuska da gyale, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Tana nan zaune yaron mai gyaran ya leƙo, ya yi sallama, ya ce wai oga ya aiko shi karɓar cikon jaka biyu.